Kuɗin Motar da Na Riƙa Ɓoyewa

Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga ɗakina a Barnawa da ke Kaduna, kuma shagona bai wuce WhatsApp da Instagram ba. Na daɗe ina yin wani abu da na ɗauka wayo ne: in ɗora hoton kaya, in rubuta kuɗinsa a ƙasa, in yi gum a kan kuɗin kai wa mai saye. Sai mace ta zaɓa, mun yi ciniki na sallama, ta ce in turo lambar asusu, sannan in ce, "Hajiya, akwai kuɗin mota fa." Daga nan sai shiru. Wayar ta nuna mini ta karanta saƙon, amma ko "to" ba za ta ce ba.

Hujjata a lokacin ita ce masu sayar da irin kayana sun yi yawa, kuma mai duba waya farashi mafi sauƙi take bi. Na ce bari in jawo ta tukuna, in ta riga ta ƙwallafa rai a kan zanen ai ba za ta fasa saboda 'yan kuɗin aike ba. Da suka riƙa sulalewa sai na ɗora musu laifi, na ce masu taya kaya ne ba niyyar saye, sai ƙarar wa mutum data.

Wanda bai zauna Kaduna ba zai ɗauka kai kaya cikin gari kuɗi ɗaya ne. Ina! Kogi ya raba garin biyu, mu kuma muna kudancinsa. Daga Barnawa zuwa Narayi, Kakuri, Television ko Sabon Tasha, ɗan aike mai babur zai je ya dawo kafin shayi ya huce. Amma a ce masa Kawo, Mando ko Rigasa, sai ya haye gada ya ratsa cunkoson gari, kuma kuɗin da zai yanka ya sha bamban. Kayan Zariya, Kano ko Katsina kuwa hawa uku ne. Zan biya a kai su tashar Kawo, in biya direba kuɗin webil, ita ma mai kayan ta biya wanda zai je tasha, a ce Unguwa Uku in a Kano take, ya karɓo mata. Motocin Abuja da na kudu su ne kusa da ni, a wajen garejin Television. Duk wannan lissafi ni na san shi. Matar da ke kallon hoto a Katsina ba ta da hanyar saninsa.

Abin ya ƙara muni bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, direbobi da masu babur suka bi sahu. Maimakon in fito da sabon kuɗin fili, sai na ƙara ɓoye shi, don ni kaina nauyin faɗinsa nake ji.

Wata baiwar Allah daga Katsina ce ta fasa mini ƙwan. Ta zaɓi leshi, ta yi shiru kamar sauran, ni kuma na bi ta da saƙo cikin ɗan zafi. Sai ta kira ni. Ta ce, "'Yar uwa, ba kuɗin ne ya fi ƙarfina ba. Abin da kika rubuta shi na faɗa wa maigida, shi ya ba ni. Da wane baki zan koma in ce a ƙaro? Cewa zai yi ko dai ban iya ciniki ba, ko kuma wani abu nake ɓoye masa."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Yawancin masu sayen kayana kuɗinsu a ƙirge yake tun kafin su yi mini magana: na maigida ne, ko na adashi, ko abin da aka tsakura daga cefane. Kuma ni ce na ce na sallama. A Kasuwar Barci, in ɗan kasuwa ya sallama kaya sannan ya ƙara kuɗi bayan an sa hannu a jaka, kowa ya san sunan abin da ya yi. Shi na riƙa yi, waya ce kawai ta hana ni ganin fuskar wadda nake yi wa.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Cibiyar Baymard da ke Denmak, wadda ke bin diddigin cinikin intanet, ta nuna cewa kusan bakwai cikin goma na masu zuba kaya a kwandon saye suna tafiya ba su biya ba, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan da suke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe, irin na aike da haraji.

Yanzu a ƙarƙashin kowane hoto akwai kuɗin kaya, sai kuɗin kaiwa kashi huɗu: wannan gefen kogi, ƙetaren gada, garuruwan arewa ta Kawo, sai Abuja da kudu. Wadda za ta zo ta karɓa da kanta ba ta biyan komai. Wasu ƙawayena sun ce in cusa kuɗin cikin farashi in rubuta "kai kaya kyauta", yadda manyan kamfanoni ke yi. Ban yarda ba. Me ya sa maƙwabciyata ta Narayi za ta biya wa ta Sakkwato kuɗin mota?

Masu tambaya sun ragu, wannan gaskiya ne, domin wasu tun daga hoton suke juyawa. Sai dai wadda ta ce in turo lambar asusu yanzu, da wuya ta ɓace. Wahalar da ta rage ita ce kuɗin direba ba ya zama wuri ɗaya. Kwanakin baya na aika yaro Kawo da kayan Kano, ya kira ni ya ce direba ya ƙara naira 500. Na riga na faɗa wa mai kayan kuɗinta, don haka daga aljihuna na cika, washegari na gyara jerin.