Yadda aka gano mai kai saƙo tsakanin hanji da fankiriyas

A farkon ƙarni na 20, yawancin masana jikin ɗan'adam sun yarda cewa jijiyoyi ne ke ba gaɓoɓi umarni. Jagoran wannan fahimta shi ne Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya shafe shekaru yana nazarin narkewar abinci a jikin karnuka. A ɗakin bincikensa an riga an ga cewa da zarar asid ɗin ciki ya gangara farkon ƙaramin hanji, sai gaɓar nan fankiriyas ta kwararo ruwa mai bayikabonet, ya kashe kaifinsa kafin ya ƙona fatar hanjin. Amma wa ke sanar da ita cewa asid ya iso? Pavlov ya ce jijiya ce.

A watan Janairun 1902, a Kwalejin Jami'a ta Landan, William Bayliss da Ernest Starling, wanda Bayliss ke auren 'yar'uwarsa, suka gwada maganar. Suka sa wa kare maganin barci, suka ware wani yanki na hanjinsa, suka yanke jijiyoyinsa, suka bar hanyoyin jini kawai. Da suka zuba asid a ciki, sai ga fankiriyas tana zuba kamar ba a yanke komai ba. Nan take Starling ya kankare fatar cikin hanjin, ya niƙa ta da yashi da asid, ya tace, ya yi wa karen allurar ruwan a jini. Ruwan fankiriyas ya ɓalle. Ashe hanjin da kansa ke aika sinadari ta jini yana neman ɗauki. Suka raɗa masa suna sikiritin, shi ne homon na farko da aka gano, wato sinadari mai kai saƙo ta jini. Ina ganin girman wannan aiki saboda ƙarancin kayan da aka yi shi da su.

Duk da haka, likitoci sun daɗe suna fuskantar gyambon ciki ta ɓangaren asid kawai. A 1915 Bertram Sippy na Shikago ya ɗora marasa lafiya a kan shan madara kowace awa, haɗe da garin bayikabonet. Iyayenmu ma da ke jiƙa kanwa idan ciki ya yi zafi, wannan sinadarin suke sha. Sauƙi yakan samu, amma gyambon yakan dawo.

Sai a 1987 Jon Isenberg da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa fatar farkon hanjin masu gyambo ba ta fitar da isasshen bayikabonet nata na kanta. Daga baya aka ga cewa idan an kashe ƙwayar cutar Helicobacter pylori mai haddasa gyambon, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya, wannan kariya tana farfaɗowa.

Don haka mai fama da zafin ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada ya tsaya ga kanwa da madara. Ya je asibiti a gwada shi, domin ana kashe wannan ƙwayar cuta da maganin mako biyu.