Garin da Jirgi Ya Haifa

'Yan'uwa ɗalibai, ko a cikinku akwai wanda ya taɓa jin labarin ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos? Turawa ne suka shimfiɗa shi domin kwasar kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal. Ya ratsa Soba da Dutsen Wai, ya kai Rahama a 1912, sannan ya isa Jos da Bukuru a 1914. Da babban layi ya shigo Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957.

A gefen wata 'yar tasha ta wannan layi aka haifi kakana, ɗan leburan reluwe. Unguwa ce ta baƙi zalla: leburori, da masu tuwo, da 'yan dako, kowa da inda ya fito. Mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da su kan sayar musu da itace da dawa, amma ba su cika ba su aure ba. "'Yan tasha" kawai suke ce musu.

Da jirgi ya daina zuwa, cikin 'yan damuna kowa ya kama gabansa. Aka kwashe ƙarafuna, ruwa ya narkar da ɗakuna, wurin ya zama kufai, daga baya ya koma gona. Shi kuwa ƙauyen yana nan daram, domin ba albashi ne ya kafa shi ba, noma ne da kasuwa. Kabarin mahaifiyar kakana yana ƙarƙashin masarar wani, ko alama babu.

A nan Greensboro, ba nisa da Irving Park inda nake haya, an mai da tsohon layin Atlantic da Yadkin hanyar masu tattaki da masu keke, an kuma bar masa sunansa. Jirgi ya tafi, amma yaro zai tambaya a ba shi amsa. Mu namu labarin a bakin tsofaffi kaɗai ya rage, su kuma kullum ƙarewa suke yi. Kakana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, abin da na rubuta nan shi ne iyakar abin da ya bar mana.

Saboda haka duk wanda ya je gida hutu, don Allah ya zauna gaban tsoho da wayarsa, ya ɗauki muryarsa. Ya tambayi sunan wuri, da sunayen mutanen da suka zauna a cikinsa, da inda suka nufa.