Ƙwayar keto: kallon kitse ake yi wa rogo

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san matsayin ƙiba a idon mutane. A da, in aka aurar da yarinya, bayan wata shida ba a tambayarta ko tana jin daɗin gidan miji. Wuyanta da damatsanta ake duba. Namiji kuwa, in ya samu aikin gwamnati ko kasuwa ta buɗe masa, sai tumbi ya fito kafin a yarda arziki ya zauna. Ƴan uwanmu Zabarmawa har biki gare su, hangandi, inda mata ke gasar cika ido. Shi ya sa ƙwayoyin sa ƙiba suka daɗe da samun kasuwa a teburan masu maganin bakin hanya, irin wadda ake kira "sha ka fashe", alhali da yawa cikinsu kortizon ne, wanda ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya tada sukari da jini.

Yau abin ya juya, aƙalla a birane. Hawan jini da ciwon sukari sun shiga gidaje da yawa, likitoci na ta cewa a rage nauyi, ƴan mata kuma na kallon wata sura daban a salula. Masu sayarwa ba su yi barci ba: hannun da ya miƙa ƙwayar ƙiba jiya, shi ke miƙa ƙwayar rama yau. Ɗaya daga cikinsu ita ce mai suna keto. Ana tallarta a Facebook da WhatsApp, da hoton mace kafin ta sha da bayan ta sha, kuma alkawarin guda ne: haɗiyi biyu da safe, ci tuwonki yadda kika saba, kitse zai narke da kansa.

Ni dai maganar ta same ni har gida. Yayata da ke aure a Yamai, tun bayan haihuwarta ta biyar likita ya ce tana da tansiyo, ya rubuta mata magani, ya kuma ce ta rage nauyi. Wata rana na sauka gidanta, sai ta ɗauko wata ƴar kwalbar roba ta miƙo mini. Ta ce: "Kai da ka yi lakwal, karanta mini abin da aka rubuta nan." Jaka 15 ta saye ta wurin wata mata mai kawo kaya daga waje. Rubutun da Ingilishi ne, amma ɗan abin da na tsinta a lise ya ishe ni. Ƙwaya 60 ce a ciki, a sha 2 kowace rana, kuma biyun nan na ɗauke da miligiram 800 na wani abu mai suna BHB. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da sai an matse ido, an rubuta cewa hukumar magunguna ta Amurka ba ta duba waɗannan maganganu ba, kuma abin ba ya warkar da kowace cuta. Na ce: "Yaya, ina maganin likita?" Ta ce ta ajiye shi tun sati biyu, don mai kayan ta ce mata in ƙiba ta tafi, tansiyo zai bi ta.

Wannan amsa ce ta kai ni wurin wani abokina likita da muka yi aji ɗaya a lise, ta kuma sa na zauna karatu. Ga abin da na samo.

Asalin keto tsarin cin abinci ne, kuma don masu farfaɗiya aka ƙirƙiro shi. Tun 1911 wasu likitoci biyu na Faransa, Guelpa da Marie, suka lura cewa barin abinci na rage faɗuwar masu farfaɗiya. Amma mutum ba ya rayuwa da yunwa. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo dabara: a ba marar lafiya abinci mai yawan maiƙo ƙwarai, a hana shi hatsi da sukari, sai jikinsa ya yi kamar yana cikin yunwa alhali yana ci. Har yanzu ana amfani da wannan tsari ga yaran da magani ya kasa tsayar musu da farfaɗiya, a ƙarƙashin idon likita, ana auna musu abinci giram giram. Sai a 1972, da littafin Dakta Robert Atkins, irin wannan ci ya bazu cikin masu neman rage ƙiba.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san zaman karkara. Jiki kamar gida ne mai rumbu biyu. Ƙaramin rumbu na cikin hanta, inda ake ajiye sukari kimanin giram 100. Babban rumbu shi ne kitse. Gero, da dawa, da shinkafa, da rogo, da burodi, duk ciki na mayar da su sukari. Masana na kiran wannan sashe na abinci gulusid. Muddin gulusid na shigowa safe da yamma, jiki ba ya damuwa da babban rumbu sosai. In aka yanke shi, ƙaramin rumbu kan ƙare cikin kwana guda ko makamancin haka, dole a buɗe babban. Hanta ta ɗauki kitse ta sarrafa shi ya zama wasu sinadarai da ake kira keton, waɗanda ƙwaƙwalwa da tsoka ke iya ƙonawa maimakon sukari. BHB ɗin da na gani a kwalbar Yaya ɗaya ne daga cikinsu. Ke nan in aka ga keton a jinin mai wannan tsari, alama ce jiki ya taɓa kitse.

To, a nan ne dabarar masu ƙwaya take. Sun ɗauki alama suka sayar da ita a matsayin aikin kansa. Keton ɗin da aka haɗiya daga kwalba ba daga kitsen mai sha ya fito ba, daga masana'anta ya fito. Har ma akwai abin da ya fi wannan: in jiki ya ga keton ya yi yawa a jini, sai ya rage fitar da kitse daga ma'ajiyarsa. Birki ne da ke kare mutum kada keton ya wuce kima. Abokina ya ce mini: "Maigidan da aka kawo wa buhun tsaba kyauta, me zai kai shi buɗe rumbu?" Kuma keton ɗin kansa abinci ne, yana da ƙarfin da ke ƙaruwa a kan na tuwon da aka ci.

Sai maganar yawa. A 2017 masu bincike na jami'ar Oksfod a Ingila sun shayar da mutane keton don su ga yadda yake hawa a jini. Abin da suka ba kowane mutum a sha guda giram 12 ne ko giram 24, kuma bayan awa 3 zuwa 4 jini ya koma yadda yake. Mu yi lissafin ƴan aji uku: miligiram 800 sau 30, giram 24 ke nan. Wato kwalbar Yaya gaba ɗaya, ta wata guda, daidai take da kofi ɗaya na wancan gwaji, wanda aikinsa bai kai daga hantsi zuwa la'asar ba. Hantar mutumin da ya kwana da yawa bai ci ba kuwa tana iya yin kimanin giram 150 a yini. Masu talla kan kafa hujja da wani binciken na Oksfod ɗin, na 2018, wanda ya nuna keton na rage jin yunwa. Gaskiya ne ya nuna haka, amma mutum 15 aka gwada, na ƴan awoyi, da wani nau'i mai tsada da ake sha kamar ruwa, kuma ba a auna ko wani ya rame ba.

Wani zai ce: to a bar ƙwaya, a bi tsarin abincin kansa. Wannan ya fi gaskiya, don yana sa a rame. Sai dai a san abu biyu. Na farko, kilo 1 ko 2 da ke tafiya a satin farko galibi ruwa ne, domin kowane giram na sukarin da jiki ya ajiye yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Ranar da aka koma ga tuwo, ruwan ya dawo. Na biyu, a 2013 wasu masana na Barazil sun tattara gwaje-gwaje 13 da aka yi na shekara guda ko fiye, suka tarar masu tsarin keto sun fi masu rage maiƙo ramewa da abin da bai cika kilo guda ba. Ban da haka, tsarin na so kada gulusid ya wuce giram 50 a yini, wato abin da ke cikin gero kamar giram 70. Tiya guda ta gero sai ta yi wa mutum fiye da wata. Babu fura, babu koko, babu tuwo, babu shinkafa da wake. Nama, da ƙwai, da kifi, da mai ne abincin kullum. Gida nawa ne a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ke iya ɗaukar wannan? Ai wahalar tsarin ce ta buɗe wa ƙwayar kasuwa.

Dangane da lahani, abokina ya raba shi gida uku. Akwai na abin da aka rubuta a jikin kwalba: keton ɗin kasuwa galibi haɗe yake da gishiri iri-iri, kuma mai shan na gari cokali-cokali yana ƙara wa jikinsa gishiri, ga tashin zuciya da zawo da kan biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a yini, mu kuwa miyarmu ta riga ta ƙoshi da gishiri da dunƙule. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su ne a bakin rami. Akwai na tsarin abincin: yana iya tada kolesterol, ya kawo tsakuwar ƙoda, ya ƙarar da ruwan jiki, abin da ba wasa ba ne a zafin watan Afrilu. Ga mai ciwon sukari da ke kan allurar insulin ko wasu ƙwayoyi, da mace mai shayarwa, keton na iya taruwa har jini ya yi tsami, a kwashi mutum zuwa asibiti. Mai ciki kuwa ba a ma maganarta.

Gida na uku shi ne abin da ba a rubuta ba. A Amurka, inda yawancin kwalaben nan ke cewa sun fito, wata doka ta 1994 ta sa irin waɗannan kaya cikin jerin ƙarin abinci, saboda haka ba sai an tabbatar wa hukuma suna aiki ba kafin a sayar. A Faransa ma sanar da hukuma ake yi, babu dogon gwajin da ake yi wa magani. Hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano sibutiramin a ɓoye cikin ƙwayoyi da shayin rage ƙiba, maganin da aka janye daga Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Tallar ma ba ta tsira ba: a 2022 sai da Oprah Winfrey ta fito da kanta ta ce ba ta da hannu cikin alawar rage ƙiba da ake sayarwa da hotonta.

Masu sauraron labaran Faransa ba su manta da Mediator ba. Maganin kamfanin Servier ne, an sayar da shi daga 1976 zuwa 2009, an yi shi don masu ciwon sukari, amma aka riƙa rubuta wa masu son rage ci. Ya lalata ƙofofin zuciyar mutane, ɗaruruwa suka mutu, sai da wata likita ta garin Brest, Irène Frachon, ta tsaya tsayin daka kafin a janye shi, kuma a 2021 kotun Paris ta sami kamfanin da laifi. Wannan fa magani ne mai lasisi, da ake saye a farmasi da takardar likita. In haka ta faru da shi, ina ga kwalbar da ta shigo cikin akwatin wata, ta sha rana a kan tebur, babu wanda ya san inda aka cika ta?

Da na mayar wa Yaya da wannan bayani, ba ta ji daɗi ba, don jaka 15 ba ta dawowa. Amma ta koma ga maganin likita, ta je aka auna ta, aka tarar jinin ya hau sosai a sati biyun nan. Abin da likitanta ya gaya mata bai da wani suna na Turanci. Kwalbar lemo guda ta santilita 33 na ɗauke da sukari kusan giram 35, a bar ta. Shayi zagaye uku da sukarin da muka sani, a rage. Malmala biyu ta koma ɗaya, a cika kwano da zogale, da kabeji, da wake. Man miya da cokali, ba da ludayi ba. Tafiyar ƙasa ta rabin awa bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Ya ce mata mai kilo 90 in ya sauke 5 zuwa 9 ya riƙe haka, jini da sukari duk suna jin bambanci.

Na san wannan shawara ba ta da daɗin ji kamar ta mai kwalba. Tana ɗaukar watanni, kuma a gidajenmu tana buƙatar taimakon kowa: mijin da ke cewa ramar matarsa abin kunya ne gare shi, da uwar da ke ganin ɗiyarta ta sauke jiki ta ce kishiya ce, su ma sai an zauna da su. Hukumomin lafiya da na kwastan kuma na da nasu aiki a kan abin da ke shigowa ana haɗiya. Kafin nan, duk wanda aka miƙa wa irin wannan kwalba ya kai ta farmasi ko wurin likita a karanta masa ƙananan baƙaƙen, kuma kada ya ajiye maganin da aka rubuta masa a kan maganar mai sayarwa, don ita riba take nema. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.