Ivrea, Garin Da Aka Haifi Allon Arduino

Daga birnin Turin da ke arewacin Italiya, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa zuwa Ivrea. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai dubu 25 ba. Yana gindin duwatsun Alps, kogin Dora Baltea kuma ya ratsa ta cikinsa. Baƙi sun fi saninsa da wani biki da ake yi duk shekara, inda jama'a ke rabuwa ƙungiya-ƙungiya suna jifan juna da lemon zaƙi har titi ya zama caɓi. Mu kam ba lemo ya kai mu ba. Mun je ganin mahaifar wani ɗan allon lantarki ne wanda bai fi tafin hannu ba, wanda a yau ɗalibai a ko'ina cikin duniya ke fara koyon ba na'ura umarni da shi.

Daga tasha muka taka da ƙafa zuwa titin Jervis. A nan ne wani tsohon gini na jan bulo yake, inda Camillo Olivetti ya kafa kamfanin ƙera tafireta a 1908. Ku tambayi kakanninku da suka yi aikin ofis, mai yiwuwa sun buga wasiƙa da Olivetti. Ɗansa Adriano ya faɗaɗa masana'antar da dogayen gine-gine masu bangon gilashi, don ma'aikaci ya sami haske, ya kuma hangi duwatsu yana aiki. Ya gina wa ma'aikata gidaje da ɗakin karatu da wurin renon yara. Kamfanin nan ne ya fito da Programma 101 a 1965, na'urar lissafi ta kan tebur da ake iya tsara wa umarni, wadda har hukumar NASA ta Amurka ta saya. Yau ba a jin ƙarar injuna kamar da, titin shiru. A 2018 UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya.

A ɗaya daga cikin gine-ginen Olivetti ne aka buɗe wata makarantar koyon tsara kayan fasaha a 2001. Yawancin ɗalibanta masu zane ne, ba injiniyoyi ba, kuma allunan da ake samu a lokacin suna da tsada da wuyar sha'ani. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Kolombiya, Hernando Barragán, ya ɗauki matsalar a matsayin aikinsa na kammala karatu, ya samar da abin da ya kira Wiring. A kan wannan tubali ne malaminsa Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fitar da allo mai araha a 2005. Ba a cika ambaton Barragán ba idan ana ba da labarin, mu kuwa a ganinmu ya cancanci a riƙa faɗin sunansa. Ɗalibi ne fa, kamar ku.

Sunan kuma daga wani shagon shan gahawa ya fito, inda suke haɗuwa bayan aiki. Shagon ya ari sunan Arduino, wani basaraken Ivrea da ya zama sarkin Italiya a 1002. Har yanzu akwai titi mai sunansa a tsohon gari, mun bi shi kafin mu haura tudun da ganuwar fada take. Makarantar ba ta daɗe ba ta tashi daga garin, amma kafin nan an saki zanen allon kyauta, kowa ya kwafa, ya ƙera, ya sayar. Shi ya sa yake isowa kasuwanninmu da sauƙin kuɗi.

To me ke kan allon? Ɗauki samfurin Uno, wanda ya fito a 2010. Ƙwaƙwalwarsa wani baƙin aisi ne, kamar yadda masu gyaran waya ke cewa, mai suna ATmega328P. Wurin ajiye umarninsa kilobait 32 ne kacal, ko hoto ɗaya na wayarku ba zai ɗauka ba. Amma zai iya kunna fitila idan duhu ya yi, ko ya buga ƙararrawa idan tankin ruwa ya cika. A gefensa akwai ramuka 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 masu auna abu kamar zafi ko haske.

Ranar farko ba ta buƙatar komai sai kwamfuta da wayar USB da manhajar Arduino IDE, wadda ake saukewa kyauta. A cikin misalan da ta zo da su akwai Blink. Ka tura shi, sai ɗan ƙwan da ke haɗe da rami na 13 ya fara ƙiftawa. Umarnin kashi biyu ne: setup, wanda ke gudana sau ɗaya, da loop, wanda ke ta maimaituwa muddin akwai wuta. Inda aka rubuta 1000, daƙiƙa ɗaya ke nan. Mai da shi 200 ka sake turawa, ka ga yadda ƙwan zai yi sauri.

Umarni marar kyau ba kasafai yake kashe allo ba, wuta ce ke kashe shi, kuma ga wanda ya tara kuɗin tara ya saya, ko kulob ɗin makaranta mai allo ɗaya tak, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Uno da volt 5 yake aiki. Ta babban ramin caja yana karɓar 7 zuwa 12, amma ka kai 12 ɗin nan ramin 5V, shi ke nan. Kowane rami miliamfiya 20 aka so ya bayar, don haka ƙwan LED sai da resista, kamar mai ohm 220, moton fanka ko na famfo kuwa ba a haɗa shi kai tsaye. Cire USB kafin ka canja waya. Kada ka ajiye allon a kan farantin ƙarfe, domin dalmar da ke ƙarƙashinsa a buɗe take. Wutar soket ta gida kuwa, a bar ta sai da malami a kusa.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu. Da hunturu iska kan bushe, ka cire rigar sanyi ka ji tartsatsi. Wannan tartsatsin na iya lalata aisi ba tare da ka ga hayaƙi ba. Taɓa ƙofar ƙarfe tukuna, riƙe allon ta gefe-gefe, idan ka gama ka mai da shi ledar da ya zo a ciki, ka rufe a roba saboda ƙura.

Allunan Uno na asali da aka ƙera a yankin Ivrea suna da ɗan taswirar Italiya a bayansu. Yawancin waɗanda za ku samu a kasuwa kwafi ne daga Chana, kuma suna aiki lafiya. Sai dai da yawansu na ɗauke da wani ƙaramin aisi mai suna CH340 kusa da ramin USB. Idan kwamfuta ta ƙi ganin allon, kada a yi saurin komawa wurin mai shago da faɗa, a fara saukar da direban CH340 a sake gwadawa.