Lambun tsirrai na Jami'ar Ibadan: inda yaro ke koyon bambance magani da guba

Kwanakin baya wata uwa ta faɗo kyamis ɗinmu a ruɗe, tana saɓe da yaronta ɗan shekara biyar, yana ta amai da gudawa. Da muka bi diddigi, ashe 'ya'yan bini-da-zugu ya fasa ya ci a shingen maƙwabta, a zatonsa gyaɗa ce. Muka tura su asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa, Allah Ya ba shi lafiya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, uwar ma ba ta san sunan itacen ba, alhali kullum ta gefensa take wucewa.

Shi ya sa a wannan mako nake roƙon ku, iyaye, ku ware Asabar ɗaya ku kai yara lambun tsirrai na Jami'ar Ibadan. Jami'ar ita ce mafi tsufa a Najeriya, an kafa ta a 1948, kuma an yi lambun ne domin ɗalibai masu nazarin tsirrai, amma ana barin jama'a su shiga idan sun biya kuɗin ƙofa. Daga Sabo za ku bi ta Mokola da Sango har ƙofar jami'a, mutanen Ojoo da Shasha kuwa a kusa suke. 'Yan Legas na iya hawa jirgin ƙasa su sauka a Moniya.

Kuna shiga, hayaniyar motoci za ta fara nisa, inuwa ta rufe ku. Ga gora ta yi cunkus tana ƙara idan iska ta kaɗa, ga kwakwar manja, ga manyan itatuwan kurmi da yaro zai ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Kada ku yi sauri. Ku ba kowane yaro littafi da fensir, ku ce ya nemo itace biyar ya rubuta sunansu. Ya ɗora takarda a jikin ɓawon itace ya goga fensir, zanen ɓawon zai fito. Ya tsinci busassun ganye a ƙasa ya jera su daga ƙarami zuwa babba.

Wasan da ya fi armashi shi ne na suna uku: na Hausa daga bakinku, na Yarbanci daga ma'aikatan lambu, na kimiyya daga allon da ke jikin itacen. Goro a wajensu obi ne, rimi kuma araba. Darbejiya kuwa Yarbawa dongoyaro suke ce mata, wato dogon yaronmu suka ara. Ku roƙi ma'aikaci ya nuna musu bishiyar goro ko ya kwatanta musu ita, domin fataucin goro da na shanu ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Sabo, amma jikokin a faranti kawai suka san shi. Idan an gaji, a shimfiɗa tabarma a yi tatsuniyar Gizo da kacici-kacici, yara mata su yi 'yar gala-gala.

A nan ne za ku gaya musu cewa maganin da ke cikin kwali ma daga irin wannan wuri yake farawa. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona aka tace shi a 1820. Sinadarin atemisinin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, daga wani ɗan'uwan tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A Abuja ma, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta haɗa Niprisan domin masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Duk waɗannan sai da aka auna, aka gwada, aka san adadin da jiki zai ɗauka. Ganyen da aka tsinka aka tafasa a gida bai bi wannan hanya ba.

Darasi na biyu ya fi muhimmanci: kyan tsiro ba ya nuna lafiyarsa. 'Ya'yan zurma masu zane-zane da idon zakara mai ja da baƙi, ƙwaya kaɗan idan aka tauna na iya kisa. Zaƙami na gusar da hankali. Ƙaron tumfafiya idan ya shiga ido yana ƙona shi. Ku nuna musu hotunan waɗannan a waya, ku kafa doka ɗaya: a kalla, a tambaya, kada a kai baki. Idan tsautsayi ya faru, kada ku sa yaro amai, kada ku ɗura masa manja ko madara. Ku cire abin da ya rage a bakinsa, ku ɗauki reshen ko hotonsa, ku nufi asibiti nan take ko da yaron yana wasa, domin wata gubar sai bayan sa'o'i take nuna kanta.

Ku je da safe kafin rana ta take. A sa takalmi sau-ciki da riga mai dogon hannu saboda sauro da tururuwa, a riƙe ruwan sha, mai asma kada ya manta da abin shaƙarsa. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba man korar sauro, a rufe shi da net.

Idan kun dawo gida, ku zaga unguwa tare, yaro ya nuna muku bini-da-zugu da kansa ya faɗi sunansa. Ranar da ya yi hakan, kuɗin motar da kuka kashe ya biya. Sai mako mai zuwa.