Kuɗin Dawowa: Kwana Biyu a Filin Jirgin Jidda



Mu biyar ne daga Dogon Kiriya Allah ya kira aikin Hajji a shekarar 2024, dukanmu ƴan ƙungiya guda. Tun da muka dawo, duk wadda ta zo yi mana barka da sauka tambayarta ba ta wuce uku: yaya Ka'aba, yaya Arfa, yaya zafin nan da aka ce ya kashe mahajjata sama da 1,300? Mun ba da labarin nan har murya ta dushe. Akwai kwana biyu kuma da ba wanda ya tambaye mu, mu ma kunya ta sa muka yi shiru. Shugabarmu ce ta matsa, ta ce a rubuta, don akwai masu niyya a bayanmu.

Wajen shirin tafiya ba mu yi wasa ba. Shekaru muna zubi kowace Alhamis. Wata ta sai da saniya da raguna biyu, wata ɗanta da ke Kwatano ya cika mata. Mun lissafa kuɗin kujera, fasfo, allurar sanƙarau, hadaya, guzuri, har abincin masu rakiya. Amma ko layi ɗaya ba mu rubuta wa dawowa ba. Muna ganin tun da tikitin na zuwa da dawowa ne, to me ya rage?

A makon ƙarshe a Makka kasuwa ta cinye mu. Tasbaha, dabino, turare, abaya, huluna, zobba. Ga dangin miji, ga kishiya, ga maƙwabta, ga mata talatin na ƙungiya da kowa ke zuba ido. Riyal ɗaya a lokacin ya kai kusan dala talatin da biyu, amma a hannu sai ka ga kamar ba komi ba. Ranar da muka yi ɗawafin bankwana jakunkunanmu sun cika maƙil, lalitocinmu kuwa iska.

Aka kawo mu Jidda, tashar alhazai mai rufi kamar tantuna, tun da hantsi, alhali jirgi sai ƙarfe goma na dare. Wahalar farko sikeli ne. Kilo 23 aka yanka wa kowace jaka, mu kuwa kowa ta haura. Ko ki biya kuɗin ƙari, ko ki rage kaya. Kuɗi babu. Sai ga manyan mata sun baje kaya a ƙasa kamar ranar kasuwa, ana zaɓen tsarabar wa za a bari. Ɗaya daga cikinmu ta sa abaya uku a jikinta cikin zafin nan. Ruwan Zamzam kuma galan ɗaya ne mai lita 5, a rufe, kuma ba a yarda ki ɓoye wani cikin jaka ba. Da ƙyar muka gama, jakunkuna suka shige ciki, muka ce alhamdu lillahi.

Goma ta yi, ba jirgi. Aka ce sai asuba. Asuba ta yi, aka ce sai azahar. Daga nan ma aka daina cewa komi. Ana magana a lasifika da Larabci da Turancin Ingila, ba mu ji. Jagoranmu shi ma tambaya yake yi kamar mu. Daga baya muka fahimci cewa jiragen ƙalilan ne suke kai da kawowa, in ɗaya ya samu matsala sai duk sahun baya ya gurgunce. Kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 jirage suna kewaye sararin ƙasar, hanya ta ƙara tsawo.

Yunwa da rashin barci duk da sauƙi. Abin da ya tsorata mu Inna ce, babbarmu, mai riƙe da mabuɗi na uku na akwatin ƙungiya. Tana da hawan jini. Maganinta yana cikin babbar jaka da ta riga ta shige, kuma mu da hannunmu muka sa shi can, wai don kada ya ɓace. Da safiyar kwana na biyu kanta ya ɗauki ciwo, jiri ya hana ta tsayuwa. Ta jawo hannun ƙaramarmu ta ce, “Ɗiyata, ku bar wahal da kanku. In ajali ne, wanga wuri ai ba wurin ƙi ba ne.” Ita kuma ta ce, “Haba Inna, tare munka taho, tare za mu koma. In kin tsaya nan, wa za ya buɗe muna akwati?” Inna ta yi ɗan murmushi, mu kuwa hawaye muke ɓoyewa.

Ma'ajiyarmu ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta shimfiɗa zane ta ce, “Ku taho mu yi zama, kamar ran Alhamis.” Muka kewaye zanen, kowa ta zazzage lalitarta. Riyal 84 aka samu, da jikka bakwai ta sefa wadda ba ta sayen ko ruwa a can. Sakatariya ta rubuta abin da kowa ta zuba a bayan ambulan ɗin tikiti. Aka raba aiki: ɗaya wajen Inna, ɗaya gadin jakunkunan hannu da fasfo, ɗaya zaune kusa da ƙofa tana sauraren kira, ɗaya neman ruwa da burodi. Aka kashe wayoyi huɗu, aka bar ɗaya don kada caji ya ƙare mana gaba ɗaya.

Da wasu mata suka ga zamanmu sai suka matso, ƴan Matankari, ƴan Tibiri, ƴan Doso. Wata ƴar Maraɗi ta yi dariya ta ce, “Ashe Mata Masu Dubara sun iso Jidda! A jiharmu fa aka haife ta, tun 1991.” Kafin la'asar mun kai mu goma sha tara, asusu ɗaya, lissafi ɗaya, ba wadda ta kwana da yunwa.

Cikinsu akwai wata malamar makaranta. Ita ta nemo mana ɗakin likita, ta kuma gaya mana ba a karɓar kuɗin mahajjaci a can. Likita ya auna Inna ya tambayi sunan maganinta. Muka ce fari ne, ƙarami. Ya girgiza kai. Sai muka kira ɗiyarta a Dogon Dutsi, ta lalubo tsohon kwalin, ta ɗauki hotonsa ta turo ta WhatsApp. Hoton kwalin da aka kusa jefarwa a shara shi ya sa aka ba Inna abin da ya dace. Zuwa dare ta tashi ta yi sallarta.

A gida kuwa wata damuwar ce. Lokacin noman farko ne, ciyawa na cin hatsi, amma maza da samari sun bar gona, sun yi shatar mota zuwa Yamai tarbonmu. Kwana biyu suna zaune bakin filin jirgi, direba na lissafin kwanakinsa, kuma da gaskiyarsa.

A dare na biyu aka kira mu. Mun sauka filin jirgin Diori Hamani kafin asuba, muka bi layin fasfo, muka tsaya jiran kaya. Jaka ɗaya ba ta fito ba. Aka nemi ƴar takardar nan mai lamba da ake mannawa a bayan tikiti. Sauran kaɗan mu yar da ita a Jidda, Allah ya sa tana cikin ambulan ɗin da sakatariya ta yi lissafi a kai. Bayan kwana tara jakar ta iso, sai da aka sake aiken yaro Yamai. Kun san hanyar: kusan kilomita 275 daga Yamai zuwa Dogon Dutsi ta Doso, sannan a miƙe arewa zuwa gida.

Ga abin kunyar. Kuɗin direba da na jiran da aka yi, asusun taimako na ƙungiya ne ya ranta mana. Mun shiga gari ana guɗa ana Hajiya, Hajiya, bashi na bisa kanmu. Sai bayan kaka, da aka sai da wake da gyaɗa, muka biya.

Da muka koma zaman Alhamis muka faɗi gaskiya duka, ƙungiya ta yanke shawara biyu. Ta farko, duk mai tafiya nesa, Hajji ne, Umra ce, ganin ɗa ne a Abijan ko neman magani, za ta ware kashi ɗaya cikin goma na guzurinta gaban ma'ajiya, a ƙulle a ambulan, rabi kuɗin ƙasar da za ta, rabi sefa. Sunansa kuɗin dawowa, ba a buɗe shi a kasuwa. Ta biyu ta fi wuya: mun yafe wa juna tsaraba. Dabino ɗaya da kurɓin Zamzam sun isa. Ba mu ɓoye muku ba, wasu sun ɓata rai a ranar, amma hannuwa sun tashi, shawara ta wuce.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne da muka biya da tsada kafin mu sani. Magani ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa, da ƙarin na kwana biyar. A auna kaya tun a masauki. A riƙe ƙuli-ƙuli ko dabino, da gorar ruwa wadda ba komi ciki, don ana karɓe mai ruwa a wajen bincike, sai a cika ta bayan an wuce. Kada a yar da kowace takarda sai an kwana a gida. Kuma kada ƴan tarbo su bar gona sai kin kira su kina bakin ƙofar jirgi, tafiyar ta fi awa biyar, za su cim miki.

Inna tana nan lafiya, mabuɗinta na ɗaure a bakin zanenta. Allah ya kira waɗanda ba su je ba, ya kai su lafiya, ya maido su lafiya. Amin.

Daga ƴan uwanku biyar, Dogon Kiriya.