Daren da muka ga watannin Mushtari

Shekara 18 ina zana duniyoyi a allo, ban taɓa leƙa madubin hangen taurari ba. Bana na samu aron mai kwamfuta, na kafa shi a filin lakwal a Maraɗi. Sai ka ba shi kwanan wata, lokaci da wuri, ka saita shi kan taurari biyu masu haske, sannan ya juya da kansa. Daren farko katanga ya yi ta nuna mana, yara na dariya. Ashe tsarin Amurka yake bi, wata kafin rana. Da na gyara, sai ga Mushtari da manyan watanninsa 4. Wata ɗaliba ta ɗago ta ce, "Mushe, ashe gaskiya ne!" Iyaye, in mun kira kallon dare, ku rako yaranku.